Jirgin da Ya Ƙare a Faisal

Shekarar da na zauna a unguwar Faisal ta Alƙahira ina karatu, akwai shagon kifi a ƙasan gidanmu. A ƙofarsa an girke wani tsohon jirgin kamun kifi, an cika cikinsa da ƙanƙara, ana jera kifin sayarwa a kai.

Dattijon da ke suya a shagon shi ne mai jirgin a da. Ya gaya mini tun yana saurayi yake shiga teku da shi a garinsu Dumyat. Da kamu ya ja baya, sai ya sayar wa mai shagon, ya biyo jirgin nasa zuwa Alƙahira ya kama aiki a wurinsa.

Ruwan ƙanƙara ya ci katakon har ya ruɓe, ya fara wari. Wata Juma'a mai shagon ya kawo firiji, ya miƙa wa dattijon gatari.

Na ce, "Baba, kawo in taya ka."

Ya ce, "Ma'alish, ba komai, ɗana. Ni na san inda ƙusoshinsa suke."

Shi kaɗai ya farfasa jirgin kafin la'asar. Bayan mako biyu ya kwanta ciwo, 'yarsa ta zo ta tafi da shi gida.