Rantsuwar Baffa a Kan Iyakar Rasha

A watan da ya gabata, muna kwashe kayan ɗakin Kaka bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, na buɗe wata tsohuwar kwalla mai ƙamshin kanumfari. A can ƙasa, ƙarƙashin ƙyallayen da take naɗe turare, na ci karo da 'yar tankar yaƙi ta roba, baƙa, wadda ba ta fi ƙwallon dabino girma ba. Na daɗe ina riƙe da ita kamar na taɓa abin da aka hana ni taɓawa. Zan ba mai karatu labarinta gwargwadon abin da na riƙe. Inda na yi shakka zan faɗa, domin ba na son in ɗora wa kowa maganar da bai yi ba.

Gidanmu yana unguwar Minanata a Sakkwato. A wancan lokacin Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, gida ɗaya suke zaune, rumfar hatsi ɗaya suke da ita a kasuwa, kuma a kwano ɗaya suke cin tuwo. Da an idar da sallar magariba za a kai musu babban kwano zaure, su zauna gwiwa da gwiwa. Tun da na yi wayo har zuwa lokacin ban taɓa ganin an raba musu abinci ba. Baffa ne mai zuwa ƙauyukan bayan Wamakko sayen gero da shinkafa, manoma kuma suna ba shi buhuna da kalmar bakinsa kawai. Idan yaro ya yi ƙarya a gidan, da shi ake ba shi misali.

Wasan ya shigo mana ne da bazara, irin bazarar Sakkwato da ko inuwar darbejiya ba ta sanyaya tabarma. Ɗan Goggo, wanda yake jami'a a lokacin, shi ya zo hutu da wani akwatin kwali da ya samo wurin abokinsa. A ciki akwai babban allo mai taswirar duniya, da sojojin roba, da tankoki, da jiragen sama da na ruwa, da ƙwayoyi masu ɗigo irin na ludo. Wasan yaƙin duniya ne. Kowa zai riƙi ƙasa guda, ya tara sojoji, ya jefa ƙwaya, ya ci yankin maƙwabcinsa. Ban tabbata ko dokokin da muka bi su ne na asali ba, domin takardar bayanin ta ɓace tun kafin akwatin ya iso. Abin da ɗan Goggo ya ce shi ne doka.

Ya koya mana dabaru, kuma har yau ina ganin daidai ne. Kada ka yi faɗa gabas da yamma a lokaci ɗaya. Ka fara tara sojojin ƙasa kafin ka yi kwaɗayin jirage, domin sojojin ne masu riƙe wuri. Ka tsare mashigar ruwan Masar, wanda ya riƙe ta ya riƙe maƙogwaron kowa. Babbar dabarar kuwa, wadda yake faɗa yana murmushi, ita ce ka ƙulla amana da maƙwabcinka har ka gama da na nesa, sannan ka riga shi warwarewa, tunda mutum ɗaya ne zai ci wasan.

Da farko manya suna wucewa suna kiranmu marasa aikin yi. Daga baya Baffa ya fara tsayawa yana ba da shawara. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ba wuta, zafi ya hana kowa fita, sai ga Baba da kansa ya naɗe hannun riga ya zauna. Baba ya riƙi Rasha, Baffa ya riƙi Jamus, ɗan Goggo ya riƙi Japan, ni kuma aka ba ni Ingila. Shekaruna goma ne ko sha ɗaya.

Ɗan Goggo ya matsa wa Baba ta gabas. Baba ya daɗe yana shafa gemu yana duban allon, sannan ya ɗago ya dubi ƙanensa.

"In na kwashe sojojina na tahi gabas, mi za ya hana ka shigo min ta baya?"

"Haba, Yaya! Ni da kai?"

"Rantse."

Baffa ya yi dariya, ya ɗora hannu a ƙirji. "Wallahi tallahi ba ni taɓa iyakarka har a tashi."

Waɗannan kalmomi ina da yaƙinin haka suka fito, domin an maimaita su a gidan sau da yawa bayan haka. Baba ya kwashe komai ya nufi gabas, ya bar yammacinsa fayau kamar gona bayan girbi. Aka zagaya, aka sake zagayawa. Baffa ya sha ruwan randa, ya goge baki. Sai kawai na ga yatsunsa sun tura baƙaƙen tankokinsa sun ƙetare layin, ɗaya bayan ɗaya, har cikin babban birnin Rasha.

Ina jin kukan kurciya a kan katanga. Na dubi fuskar Baffa ina neman alamar kuskure, na ga murmushi. Mutumin da ake ba mu misali da shi ya ambaci sunan Allah, kuma ya saɓa.

"Ai ka rantse," in ji Baba, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Yaya, wanga hwa duk wasa na. Roba ta."

"Sunan Allah ma roba na?"

Baba ya sa takalmansa ya shige cikin gida. Da magariba ya aika a ce a kai masa tuwonsa ɗaki. Mahaifiyata ta tsaya da mara a hannu, ta sa aka maimaita mata saƙon, domin ba ta san kwanon da za ta zuba ba. Haka aka yi kwanaki. Suna gaisawa, suna tafiya kasuwa, amma kowa da hanyarsa. Har na ji Baba yana tambayar wani maƙwabci ko akwai rumfar da babu kowa a layin masu shinkafa. Mu yara muka daina gudu a tsakar gida.

Kaka, mahaifiyarsu, ta lura da kwanuka biyu a wurin wanke-wanke. Wata safiya ta sa aka kira su, ta kuma ce ɗan Goggo ya kawo akwatin. Na ɗauka ƙona shi za ta yi. Sai ta ce a shimfiɗa allon a jera komai yadda yake a ranar. Ta saurari bayanin ƙasashe da iyakoki ba ta katse kowa ba. Baffa ya sunkuyar da kai ya amsa laifinsa. Sannan ta tambayi ɗan Goggo, mutum nawa ne ke cin wasan. Ya ce ɗaya.

Ta juya ga Baba. Ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne.

"Kai babba. Da ya cika alkawari, ka gama da na gabas, sai ka yi mi?"

Baba ya kau da kai. Ta sake tambaya. Baba mutum ne da ba ya iya ƙarya a gabanta ko a bayanta.

"Da na juyo kanshi, Inna."

"Kai ka rantse mashi?"

"A'a."

"To, ashe ɗaure shi ka yi da sunan Allah, ka bar naka hannu sake, don ka dawo ka yanka shi a natse."

Wannan ya fi na farko girgiza ni. Duk kwanakin nan na raba su a zuciyata, ɗaya mai gaskiya, ɗaya mai saɓawa. Ashe rantsuwar ita kanta dabarar yaƙi ce, kuma mahaifina ne ya ɗana ta. Na ga Baffa ya ɗago kai da baki buɗe, alamar shi ma sai yanzu ya gane.

Kaka ta ce kaffara ta hau kan wanda ya rantse, ya ciyar da miskinai goma, amma wanda ya sa shi rantsuwar shi zai ɗauki buhun geron a kansa. Haka kuwa aka yi. Na ga Baba, da girmansa, ɗauke da gero a ka cikin rana, Baffa yana biye da mudu. Kafin a naɗe allon Kaka ta miƙa hannu ta ɗauki baƙar tanka ɗaya ta ƙulle a bakin zanenta. Da magariba da kanta ta fito da babban kwanon ta miƙa wa mahaifiyata. Ba a sake buɗe akwatin a gidanmu ba.

Yanzu Baffa ya gina nasa gidan a Arkilla, ba don faɗa ba, sai don iyali sun yi yawa. Ƙannena suna buga irin wannan wasa a waya da mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma ina jin suna zuba wallahi kamar gaisuwa. Ni kuwa abokaina na jami'a sun sha yi mini dariya cewa ko an tambaye ni ƙarfe nawa sai na ce "a iya sanina". Ba su san daga wane zaure na ɗauko halin ba.

Da yammacin ranar da na tsinci tankar, na kai ta zaure inda su biyun suke karɓar gaisuwar rasuwar Kaka, dukansu da furfura. Baba ya jujjuya ta a tafin hannunsa, sannan ya miƙa wa ƙanensa.

"Amshi kayanka. Da ita kac ci amanata."

Baffa ya share ido da bakin rawani, ya karɓa.

"Da ita dai na riga ka, Yaya."

Sai aka shigo da tuwo, a kwano ɗaya.