Gurbin da Ta Bar Mini a Waƙar Rijiyoyi

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Amma shekara arba'in da ɗoriya, babu gidan da aka yi biki ko suna a garinmu ba a aiko mini da goro ba. Kiɗan ƙwarya nake yi. A cika masaki da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, mata su zauna a bayana suna kaɗawa, ni kuma in miƙe in ba da waƙa su amsa. Ba a taɓa cewa na yi tuntuɓe a baiti ba. Na fara da wannan ne don ku san irin matar da abin ya samu.

Autana ne ya kai ni Dubai saboda ciwon gwiwa. Injiniya ne a wata masana'anta can Dubai Investments Park, inda ba ka ganin komai sai rumbunan ajiye kaya da manyan motoci. Wata uku aka ce zan yi. Aka yi aikin, na fara takawa da sanda, sai ga korona, aka tsayar da jirage. Na maƙale a hawa na goma sha ɗaya, ni da shi da matarsa, ina leƙen titi ta taga, ko akuya babu. Waya kuwa in ta yi ƙara daga gida, gabana sai ya faɗi, don kusan kullum rasuwa ce, kuma duk sa'o'ina ne.

Cikin wannan hali wani tsohon malamin makaranta na garinmu ya kira, wai shi ne shugaban kwamitin al'adun gari.

Ya ce, "Gwaggo, albishirinki. Majalisar gari ta zauna, an tsayar da cewa kiɗan ƙwarya shi ne kiɗan garinmu a hukumance. Duk taron gwamnati da shi za a buɗe, a makarantu kuma a koya wa yara. Waƙar rijiyoyi aka zaɓa."

Na ce, "Sai yanzu kuka san da mu? Ba ku ne kuke cewa kiɗan zawarawa ba?"

Ya yi dariya. "Haba Gwaggo, a bar tone-tone. Ki taimaka mu ɗauka daga bakinki. Akwai wasu samari masu fiyano da suka yi tasu, rijiya huɗu kacal, su ma sun hautsina. In ba mu samu taki ba kafin bayan Babbar Salla, tasu za a ɗauka."

Waƙar rijiyoyi ba waƙar wasa ba ce. Tana bin garinmu ne daga ƙofar gabas har ta fita yamma, rijiya bayan rijiya, guda goma sha bakwai, kowace da unguwarta da ɗanɗanon ruwanta da irin matan da ke ɗiba. Yawancinsu yanzu an cike su an gina shaguna a kai. Daga uwar ɗakina na gaje ta, ita ma ta gada. Na ce masa ya kira jibi da hantsi, ya tanadi abin ɗauka mai ciki da yawa.

Ranar na ci ado, na ɗaura ɗankwalina na fita biki. Ƙwarya babu, sai surukata ta kifa kwanon roba a cikin baho. Auta ya riƙe waya mai hoto, ga mutum biyar can a ofis sun zuba mini ido. Na gyara murya na ɗauko ta farko:

"Rijiyar bakin marina, ruwanki baƙi, zanenmu fari."

Ta fita tsaf har ƙarshe. Na ja numfashi in shiga ta biyu, na buɗe baki, sai iska. Babu komai. Kamar ka zura guga ka ji ya bugi ƙasa. Na sake komawa farko, na zo wurin, shiru. Sau uku.

Wani daga cikinsu ya sunkuya ya ce wa na kusa da shi, "Tsufa ne." Bai san wayar tana kawo raɗa ba.

Na ce musu robar ce ta ɓata mini kunne, su ba ni kwanaki. Aka kashe waya. Auta ya kwashe ruwan ya zubar.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne labarin yayar mahaifiyata. Mace ce mai kaifin kai, ita ke riƙe da tarihin danginmu duka. Wata rana ta manta sunan ludayi. Kafin shekara biyu sai da aka riƙa ɗaure ƙofa da igiya don kada ta fita, tana kiran ɗanta da sunan mijinta. Ni na yi jinyarta, na san yadda abin yake farawa. Daga ranar da waƙar ta ƙwace mini, kullum in na idar da sallar asuba sai in zauna in gwada kaina. In jero 'ya'yana da jikokina. In jero matattuna. In kalli kayan kicin in kira sunansu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kada surukata ta ji. Duk suna nan. Amma in na zo rijiya ta biyu, duhu. Na ce to, ta nan ya fara ci, kamar yadda gara ke fara cin azara ta ciki.

Auta ya same ni a baranda ya ce, "Inna, ko mu je a duba ki? Akwai likitan ƙwaƙwalwa, ba wani abu ba ne."

Na ce, "Ƙwaƙwalwar da ta raine ka har ka zama injiniya? Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Ina tsoron likita ya faɗa da bakinsa. Ina tsoron in mutu a nan a binne ni cikin yashin mutane, rijiyoyi goma sha shida su bi ni, garinmu kuma ya riƙa buɗe taro da shirmen masu fiyano har abada.

Da aka sassauta fita, surukata ta ce ta ji labarin wata 'yar kasuwa, mutuniyar wajenmu, da ita ma rufe jirage ya rutsa da ita a unguwar Al Khabaisi, kuma tana da ƙwaryar dama fura. Muka sa takunkumi muka tafi. Muka same ta cikin ɗaki cike da ƙullin kargo, tana naɗe wani da salatif tana faɗa da wani a waya, tana sirkawa da Larabci, "Yalla, ka kawo kwantenar, halas, na gaji!" Da ta ji ko ni wace ce sai ta saki wayar ta durƙusa.

"Mama, ke ce? Wallahi ke kika yi kiɗan bikin yayata!"

Ta wanke ƙwaryar, ta kifa a cikin bokitin wanki. Da ta buga, sai da tsigar jikina ta tashi, wata takwas ban ji wannan muryar ba. Na ba da rijiyar marina. Ban ankara ba sai matar nan ta amsa, yadda kowace 'yar garinmu ta iya tun tana goye:

"A sha a wuce, a sha a wuce, 'yan tukwane na jira."

Sai ji na yi bakina yana cewa, "Rijiyar 'yan tukwane, mai ruwan zartsi, ba a jiƙa gero da ke." Ta biyu ce! Ta fito da kanta har ƙarshe. Na juya ina jiran amshi, matar ta tsaya da hannu a sama.

"Mama, iyakar wanda na sani ke nan."

Nan na gane. Kowace rijiya amshinta daban, kuma a wutsiyar kowane amshi akwai sunan unguwar da za a shiga. Shekara arba'in ina tsaye a gaba ana yi mini liƙi, ina cewa kaina ne, ashe matan da ke zaune a bayana ne suke miƙo mini hanya. Ban taɓa yin waƙar nan ni kaɗai ba, ko sau ɗaya, shi ya sa ban sani ba. Na ji sanyi cewa ba hauka ba ne. Amma kafin mu kai mota wani tsoron ya maye gurbinsa. 'Yan amshina shida ne. Biyar suna ƙasa.

Ta shidan aminiyata ce, tare muka yi 'yanmatanci. Aka kira 'yarta ta kai mata waya.

Ta ce, "Wa nake ji kamar 'yar Dubai? An ce har bayan gida ma na'ura ce ke kai ki."

Na ce, "Ke dai tsohuwar banza, har yanzu ba ki mutu ba?"

"Ina jiran ki fara, kullum ke ce a gaba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari mai tsawo. Ban so jin tarin nan ba. Na gaya mata komai, har da abin da na gane, duk da ya yi mini nauyi a baki. Ta ce, "Au, sai yau kika sani? Mu mun daɗe da sani, mun bar ki ne ki ci kwalliyarki."

Muka gwada. Sai dai waya tsakanin Dubai da garinmu tana makara. In na ba da waƙa, kafin ta isa gare ta, ta amsa, ya dawo, kiɗan ya riga ya wuce. Amshinta ya riƙa faɗowa a tsakiyar numfashina, in tsaya in jira, ita ma ta tsaya. Muka yi ta karo kamar makafi biyu a ƙofa ɗaya. A ta huɗu numfashinta ya ƙare, 'yarta ta karɓi wayar ta ce, "Mama, a bar ta ta huta, kwana biyar ke nan ba ta cin abinci."

Surukata ta ce, "Mama, to ta ɗauki amshin ita kaɗai mana, a turo saƙon murya."

Aka faɗa wa aminiyata. Ta aiko cewa ita ba ta taɓa amsa waƙar da ba a ba ta ba, ba mahaukaciya ba ce. Kwana shida babu labari. Salla ta matso, malamin kwamiti ya kira sau biyu ban ɗauka ba. Duk ƙarar waya sai in ce shi ke nan, an zo faɗa mini.

Rana ta bakwai da la'asar saƙo ya shigo, dogo. Surukata ta kunna. Da farko ƙarar zobe ce a jikin kwanon sha, ƙwas, ƙwas, daidai bugun ƙwarya. Babu murya. Na ce ko ya lalace ne. Sai ga muryarta, siririya: "A sha a wuce, a sha a wuce, 'yan tukwane na jira." Ta yi shiru, zoben yana tafiya. Na ƙirga bugun a raina. Daidai tsawon baitina ta bari, ko bugu ɗaya bai ƙaru ba. Tana jin muryata a kanta tana amsawa.

Na ce wa Auta, "Ɗauko wayarka ka ɗauka, yanzu."

Aka mayar da saƙon farko. Na miƙe ba sanda. Ta bar gurbi in cika, ta miƙo unguwa in shiga. Rijiyar gindin kanya, rijiyar mahauta, rijiyar da amare ke wanke ƙafa, wadda jaki ya faɗa aka shekara ba a sha ba. Duk suka fito. Surukata tana kuka tana toshe baki kada ya shiga ɗauka. A ta goma sha biyar, bayan na gama baitina, ta fara amshi, "A sha a wuce, a sha a..." sai tari. Zoben ya ƙara bugu uku. Saƙon ya ƙare.

Na kira a take. 'Yarta ta ce ta yi barci, gobe in ta ji dama za ta ƙarasa. Ba ta ƙarasa ba. Kwana biyu bayan nan aka kai ta makwancinta.

Goma sha biyar muka tura wa kwamiti, da muryarta a ciki. Malamin ya ce, "Gwaggo, saura biyun fa? Ki ƙirƙiro mana, wa zai sani?" Na ce masa rijiya ba a ƙirƙira ta, haƙa ta ake yi. Suka karɓa a haka.

Da aka buɗe hanya na dawo gida, na sa aka kai ni yammacin gari a keke mai ƙafa uku, na bi lungu-lungu ina tambayar tsofaffi ko akwai wanda ya tuna rijiyoyi biyu na ƙarshe kafin ƙofa. Wani ya nuna mini shagon cajin waya, wani ya ce a'a, ƙarƙashin gidan mai ne. Babu wanda sunan da ya faɗa ya buɗe mini baki.

Yanzu 'yan makaranta mata ne ke yin ta a wurin taro, da ƙwarya ta gaske, sun iya ba laifi. Ana ajiye mini kujera a gaba. In sun kai ta goma sha biyar sai su tsaya, jama'a su tafa. Ni ban tafawa da wuri. Ina buga zobena a hannun kujera, ina sauraro, ko wata tsohuwa a can baya za ta ƙarasa amshin.