Simintin da na sa wa zauren Baffa

Shekarun baya, lokacin da na fara aikin malamin gona, kaina ya ɗan ɗau zafi. Na sayi babur, na ɗinka kaftani uku, na soma jin cewa duk abin da aka yi da laka a Wurno ya kamata a ba shi haƙuri ya tafi. Abin da ya fi tsone mini ido shi ne zauren gidanmu.

Kakanmu magini ne, shi ya gina zauren da hannunsa. Bangon ciki kuwa cike yake da zane tun daga ƙasa har inda azara ta fara: dagi, da allo, da takobi, da wasu layuka masu murɗewa da ban taɓa sanin sunansu ba. Ba fenti ba ne, laka ce aka danna da yatsu tun tana ɗanya, ta yi tudu da kwari. Gefen gabas aikin kakanmu ne, gefen ƙofa na wani amininsa ne da ya zo daga Goronyo ya taya shi, sauran kuma na baffana ne, yayan mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Duk shekara idan damina ta ɗauke, Baffa zai kwaɓa laka, ya naɗe hannun riga, ya bi inda ya zaizaye yana gyarawa. Sau da yawa ya kira ni in zo in gani. Ni kuwa kullum ina da wurin zuwa.

"Taho ka sa hannu," in ji shi wata rana. "Ba wuya gare shi ba. Sawun yatsun Baba kaɗai nika bi."

Na ce masa ina sauri, an kira mu ofis. Ƙarya nake yi, majalisar abokai zan tafi.

Da aurena ya matso, abokan aiki za su zo daga Sakkwato, sai na ga ba zan iya zaunar da masu farin yadi a zauren laka ba. Na san idan na tambayi Baffa ba zai ce a'a ba, amma zai yi shirun nan nasa da ya fi a'a nauyi. Don haka na jira har ya tafi Rara duba 'yarsa da ta haihu, na ɗauko wani birkila daga Kwargaba, na nuna masa bangon, na ce ina son filasta da fenti kafin Jumma'a. Ya fara yi mini wani bayani, ni kuma ina kan babur, inji na ƙara, na ɗaga masa hannu na wuce. Kwana huɗu ina zirga-zirgar hidimar biki, ko gida ban kwana ba, ban leƙa ba sai da aka gama. Na tarar da bango sumul, an shafe shi da shuɗin fenti mai ƙyalli. Wallahi a ranar ji na yi kamar na yi wa gidanmu hidimar da ba wanda ya taɓa yi.

Baffa ya dawo da la'asar. Ina tsaye ina jiran yabo. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya tsaya tsakiyar zauren yana juyawa a hankali. Sannan ya je gefen gabas ya ɗora tafin hannunsa a bangon, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Wanga aiki wa yas sa anka yi shi?"

"Ni na, Baffa."

"To. Ya yi sumul. Allah shi yi ma albarka."

Iyakar abin da ya ce ke nan, a ranar da kuma bayanta. Aka yi biki, abokaina suka zauna a zauren, ko mutum ɗaya bai ɗaga kai ya dubi bangon ba, hankalinsu na kan shinkafa da nama. Bayan biki Baffa ya ɗauke buzunsa da littattafansa ya koma gindin dogonyaron ƙofar gida, can yake karɓar baƙi. Na ce wa kaina siminti ne ya yi masa zafi. Idan kuma zuciyata ta ɗan motsa, sai in lallashe ta da cewa ai zanen yana nan a ƙarƙashi, rufe shi kawai aka yi, duk ranar da aka so sai a ɓamɓare filastar. Da wannan magana na rayu har Allah ya yi wa Baffa rasuwa.

Bayan wasu shekaru aka tura mu ƙasar Sin kwas na noman shinkafa. Ana saura kwana biyu mu dawo, suka kai mu yawon buɗe ido wani ƙauye da ake kira Baisha, kusa da garin Lijiang, a gindin wani dutse mai ƙanƙara a ka. Mutanen wurin ƙabilar Naxi ne. Aka ce za a nuna mana zanen bango a tsohon ɗakin ibadarsu. Ni da wani abokina da muka zo tare muka dubi juna, don mun fi son a kai mu kasuwar waya.

Ɗakin da duhu-duhu, kuma an kafa katako tsakaninmu da bangon don kada a taɓa. Sai da idona ya saba sannan na fara gani. Bangon baƙi ne, a kansa an zana siffofi birjik da ja da ruwan zinariya, wasu zaune cikin gajimare, wasu riƙe da furanni, ko gashin gira ba a bari ba. Abubuwan bautarsu ne, ba addinina ba ne, ban kuma je don in yi sha'awarsu ba. Amma tafintarmu, wata mata mai magana a hankali, ta ce an fara zanen sama da shekara ɗari biyar da suka wuce, bisa umarnin sarakunan yankin, kuma ba hannu ɗaya ya yi shi ba. Masu zane na Naxi sun sa hannu, na Tibet sun sa, na sauran ƙabilun Sin sun sa, wani ya mutu wani ya ɗora. Ta nuna mana yadda ake gane hannun wannan da na wancan a bango ɗaya. Ta ce da can irin waɗannan ɗakuna sun fi haka yawa, da dama sun salwanta, waɗanda suka rage su ake lallaɓawa.

Wasu wuraren sun koɗe, wasu sun tsage. Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, na tambaye ta me ya sa ba za su sa a yi masa sabon fenti ba. Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba, sannan ta ce idan suka yi haka ai hannunsu za a riƙa gani, ba na waɗanda suka yi ba.

Abokina ya yi dariya. Ni ban iya ba. Zauren Baffa ne ya zo mini a ido, gefen kakanmu, gefen mutumin Goronyo, gefen Baffa. Mutane sun hau jirgi sun zo ganin bangon wasu, ni kuwa an haife ni a gindin namu na sa aka rufe shi don kada baƙi su gani. A cikin mota na yanke shawara: ina sauka gida zan sa a cire simintin nan a hankali, ko zai ɗauki wata guda.

Kwana biyu da dawowata na tafi Kwargaba. Na sami birkilan ya manyanta, yana zaune yana gyaran igiyar shanu. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye igiyar.

"Wane zane, Yallaɓai? Siminti ba shi kama laka mai tudu da kwari. Sai da munka sassaƙe shi duka da gatari, munka kakkafa ƙusoshi, kana munka yi filasta. Ai na hwaɗa ma ran nan, kana bisa babur. Kac ce ni dai in gama kahin Jumma'a."

Na tambaye shi ina suka kai abin da suka sassaƙe. Ya ce sun cike wani rami da shi a bayan gida, inda ruwa ke kwanciya.

Ban san yadda na iso Wurno ba. Mahaifiyata ta ga fuskata ta ce, "Mi as same ka?" Na faɗa mata. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin littattafan Baffa, ta fito da wani abu a naɗe cikin tsohon rawani. Gutsuren laka ne, bai fi tafin hannu ba, da layuka uku a jikinsa.

"Ran da yad dawo daga Rara, bayan ka fita, ya tahi ramin ga ya yi ta tono da hannu. Wanga kaɗai yas samu mai kyau. Yac ce kada a hwaɗa ma, ango ne kai, kada a ɓata ma rai."

Ashe duk shekarun da nake lallashin kaina da cewa zanen yana nan a ɓoye, Baffa ya san babu shi. Ya ci abinci da ni, ya yi wa 'ya'yana huɗuba, ya sa mini albarka ba adadi, bai taɓa bari na gani a fuskarsa ba. Na yi kuka a gaban mahaifiyata kamar ba ni ne mai gemu ba.

Har yau abin yana damuna, kuma ba na jin zai daina. Ban yi don mugunta ba, kunya ce ta sa ni, kunyar abin da ya kamata in yi alfahari da shi. Da na kashe babur ɗin nan na minti ɗaya na saurari birkila, ko da na naɗe hannun riga sau ɗaya lokacin da Baffa ya kira ni, da yanzu ina da abin nuna wa 'ya'yana. Na nemi wanda zai sake zanen a Wurno da Rabah, na sami masu iya dagi, amma ba wanda ya san yadda namu yake, ko hoto ɗaya ban ɗauka ba.

Zauren yana nan da shuɗin fentinsa, ya fara ɓarewa ta ƙasa. Gutsuren kuma yana wurina. Wani lokaci nakan warware rawanin in sa yatsuna uku a cikin layukan, suna shiga daidai. Ban san ko sawun kakanmu ne ko na Baffa ba, kuma wanda zai iya gaya mini shi ne wanda ya kira ni na ce ina sauri.