Baftisma da Ludayi

Wata Asabar da hantsi, cikin daminar da nake aji uku a tsakiyar shekarun 1950, muna carafke a tsakar gidanmu na haya a Sabon Gari, sai ungozomar da aka ɗauko daga Fagge ta fito daga ɗakin maƙwabciyarmu Mama Ngozi tana share hannu da gefen zani. Ta dubi mahaifiyata ta ce, "Yaron nan ba mai zama ba ne. In kuna da abin da kuke yi a addininku, ku yi yanzu."

Maza duk sun watse, Baba yana tashar jirgi, mijin mai jego yana kasuwa, katikis kuma, malamin cocinmu, ya yi tafiya. A cocinmu, jaririn da ya rasu babu baftisma bayan shingen maƙabarta ake binne shi, ba suna, ba waƙa. Inna, wadda aikinta a coci bai wuce shara da jera benci ba, ta ce in ɗebo ruwa a randa. Na miƙa mata ludayi, ta zuba a goshinsa sau uku, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta kira shi Yohanna. Kafin azahar ya cika.

Da la'asar dattawan ikilisiya suka zauna a zauren coci, gawar tana jira a naɗe cikin farin ƙyalle. Suka buɗe littattafai suka rufe, sannan suka yanke hukunci irin na masana: baftismar ta yi, amma wadda ta yi ta ta wuce gona da iri. Wani dattijo ya tambayi Inna wa ya ba ta izini. Ta ce, "Baba, na leƙa waje ban ga namiji ba, Allah kuwa yana ɗakin."

Aka binne Yohanna cikin shinge, da waƙa. Inna kuma aka hana ta jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, aka mai da ita bencin horo na can baya har Kirsimeti. Mama Ngozi, da ta gama wankan jego, can ta riƙa zama kusa da ita, duk da ba wanda ya hore ta.

Yau mata na hawa mumbari da lasifika da digirin tauhidi, nakan kuwa tafa musu. Amma in na shiga coci, bencin baya nake fara duba.