Akushi Mai Karkataccen Baki

Ina jiran a nemo mini bel ɗin inji a shagon tsofaffin injuna, wani dattijo na tsaye gaban injin sassaƙa na hannu. Rigarsa fes, amma garin itace ya maƙale a gemunsa. Hannunsa na dama na cikin aljihu. Da murya ƙasa-ƙasa yake tambayar wanne ya fi arha.

Da hagu ya ciro akushi daga jaka, yana gwada ko zai hau injin. Gefe ɗaya sumul, ɗayan kuwa duk sara ya kauce.

Mai shago ya karɓa yana jujjuyawa. "Baba, wane ɗan koyo ne ya wulaƙanta itace haka?"

Aka yi dariya, har da ni.

"Wani yaro ne a wurina," in ji dattijon.

Da ya sa hannu biyu zai karɓa, sai na ga na daman duk kanta, yana rawa. Ina jin gizago ne ya daina yi masa biyayya. Na sunkuyar da kai.

Dattijon ya daɗe yana shafa injin, bai dubi kowa ba. "Shi yaron, hannunsa na ɗan rawa. Injin nan shi ke riƙe itacen da kansa, ko?"