Harsashin da Ya Shiga Allo a Kwance

Na zagaya ƙasashe, na ga abubuwa da yawa, amma ranar gasar harbin nan ta bakin gulbin Kaura ba za ta fita raina ba. Lokacin hanyoyinmu lafiya lau suke. Bayan an gama girbi, maharban Kaura da Shinkafi da Zurmi masu lasisi kan haɗu, a kafa allo a manna masa takarda, kowa ya gwada saitinsa.

Taubashina, ɗan ƙanen mahaifiyata, shi ne gwanin mutanen Zurmi. A shekarar ya samo wasu harsasai dogaye masu nauyi, ya zo yana ta yabonsu. Mu nan abu mai nauyi shi ne mai kyau, ko gero ne ko rago, don haka bai ga dalilin da harsashi zai bambanta ba. Amma tun da ya fara gwada su, harbinsa ya watse. Maharba suka ce an ɗaure masa bindiga. Aka wanke ta da saiwoyi, aka yi mata turare, aka rataya mata laya, duk a banza. Sai 'ya'yansa suka fara cewa idon tsoho ne ya tafi. Shi kuma ya rantse in ya ji kunya a wannan gasa, ya ajiye bindiga har abada. Mutumin da tun yana saurayi ba shi da wani abin farin ciki da ya wuce wannan.

Da safen, kafin a fara, ya yi harbin gwaji. Ɗaya ya tafi gabas, ɗaya yamma, na ukun ma bai taɓa allon ba. Na ce masa, "Tsoho, kawo in kai ka asibitin ido, in yi maka jagora da sanda."

Ya ce, "Kai da ko kaza ba ka taɓa harbi ba? Tahi can ka yi ta Faransancinka."

Ya yi dariya. Na taka zuwa allon don kawai in rage masa kallon mutane. Sai na ga ramukan ba zagaye suke ba, dogaye ne kamar ƙwallon dabino. Nan take na tuna wani filin wasan harbi da na riƙa zuwa kallo lokacin da nake aiki a Sudan. Wani tsohon mai koyarwa ya taɓa nuna mini irin wannan rami. A can in harbi ya ɓaci kayan aiki suke fara dubawa, a Agadas iska suke zargi, mu kuwa ko ido ko maƙiyi.

Na dawo na ce ya ba ni bindigar bayan ya cire komai daga cikinta. Na ɗaga bututun sama na nuna masa tsagin da ke murɗe a ciki. Na ce wannan murɗin shi ke sa harsashi juyawa, juyawar ce ke riƙe shi ya tafi da kai. Na tuna masa mazarin kakarmu: in ba ta murza shi da ƙarfi ba, sai ya yi ta layi ya faɗi. Dogon harsashi yana son murɗi mai tsauri, nasa bututun kuwa murɗinsa a sake yake, an yi shi ne don gajeru. Shi ya sa suke tuntsurawa a iska su shiga allo a kwance.

Ya ce, "Wato ba idona ba ne?"

Na ce, "Idonka dai mummuna ne, amma yana gani."

Wani maharbin Shinkafi da ke sauraro ya miƙo tasa, wadda ke cin harsashi mai kauri ɗaya da ta taubashina. Muka naɗa tsumma a tsinken share bututu, muka yi masa alama, muka tura a hankali a kowace. A ta mutumin Shinkafi alamar ta zagayo tun tsinken bai yi nisa ba. A ta taubashina sai da ya kusa ƙurewa. Mutumin ya ce, "To Malam, mi za mu jira? Ba ni dogayen, ga gajeruna."

Taubashina ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya harba. Ramuka zagayayyu suka taru wuri guda, tafin hannu ya rufe su. Mutanen Zurmi suka kaure da ihu, babban ɗansa ya rufe fuska da hula yana dariya. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, mutumin Shinkafi da dogayen harsasan nan ya cinye gasar, taubashina ya zo na biyu. Ban taɓa ganin wanda aka kayar yana murna haka ba. Har muka kai Zurmi yana zagina wai ni na ba Shinkafi nasara, yana kuma tura mini tsire a baki.

Ya ƙara shekaru yana harbi kafin Allah Ya karɓi abinsa. Ni kuwa abin da na koya ranar shi ne, in abu ya ƙi mini, ba na saurin cewa na tsufa ko an yi mini wani abu. Sai in tashi in taka, in je in duba inda ya faɗa tukuna.