Dakalin da Na Fasa wa Inna

Kwana uku muka yi muna fasa dakalin girkin Inna, kuma har yau idan na tuna sai in ji gajiyar ta dawo mini a kafaɗa. Ni na kawo shawarar, ni na nemo magini, ni na tsaya a kansa. Ba ni da wanda zan ɗora wa.

Dakalin ba wani abin kallo ba ne. Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya sa aka zuba shi a jikin bangon kicin tun muna firamare. Tudunsa bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. A gefe guda Inna take zama ta jingina da bango, murhu yana gabanta a ƙasa, sauran dakalin kuma kwanuka ne da mara da gwangwanayen daddawa da kanwa, duk inda hannunta zai kai ba sai ta tashi ba. Bayan rasuwar Baba abubuwa suka yi ta suɓuce mata ɗaya bayan ɗaya. Ta daina ƙuli-ƙuli, ta sayar da awaki, ido ya hana ta saƙa. Matar ƙanena, wadda suke zaune tare, ita ke yin kalaci da abincin rana. Abu guda ya rage wa Inna, tuwon dare. Da an yi la'asar za ta shiga kicin ta zauna, kuma babu mahaluƙin da ya isa ya karɓi muciya a hannunta.

Ni kuwa dakalin nan ya daɗe yana ba ni haushi. Ya tsattsage, kyankyasai sun yi gari a cikinsa, hayaƙi ya mayar da bangon baƙi ƙirin. Duk zuwan da zan yi daga Katsina sai na ga yadda Inna take dafa bango kafin ta miƙe, tana cije leɓe don kada a ji. Ga shi likita ya ce ta rage tsuguno saboda gwiwa. Gaskiya kuma akwai kunya a ciki. Lokacin bikin 'yata surukaina suka leƙa kicin ɗin, na ga kallon da suka yi wa juna, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na tara ƙannena a waya na ce za mu yi wa Inna kicin irin na zamani, kantar girki mai tayil, murhun gas, da wurin wanke-wanke mai famfo. Kowa ya ce, "Yaya, yadda kika ce." Haka suke ce mini kullum, don sun san halina.

Na gaya wa Inna, ba zan ce ban gaya mata ba. Amma ni 'yar fari ce, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari kamar ibada. Ina da jikoki yau, amma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, ko ta ce wa wani, "Gaya wa waccan ta zo ta ci abinci," alhali ina zaune kusa da ita. Ba ta doguwar hira da ni, balle musu. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, muna so mu gyara kicin." Ta kau da kai wajen taga ta ce, "To. Allah ya ba da iko." Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin yarda, na tashi ina murna.

Aka yi sa'a autarmu da ke aure a Mashi ta haihu, Inna ta tafi suna da niyyar yin mako uku. Washegarin tafiyarta na iso Daura da jakata.

Maginin dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana, shi da leburansa guda, sa'ansa. Bazara ce, irin zafin nan da ko inuwa ba ta da amfani. Da muka kwashe kwanuka ya tsaya yana kallon dakalin, ya sa hannu ya shafa wurin zaman Inna. Simintin wurin ya yi sulɓi har yana sheƙi, bangon ma ya yi shatin bayanta.

Ya ce, "Hajiya, mai girkin nan a zaune take yi ko a tsaye?"

Na ce, "A zaune. Zaman ne ma muke so ta huta da shi."

Ya ce, "An tambaye ta?"

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Malam, uwata ce fa. Kai dai yi abin da ya kawo ka."

Ya yi bisimilla ya ɗaga guduma.

Na zaci aikin wuni ɗaya ne. Ashe Baba bai yi wasa da dakalin nan ba. Saman ne kawai ya tsage, cikinsa duwatsu ne da guntayen rodi, an cuɗe su da siminti na da, wanda ba a yi masa ha'inci ba. Guduma ta sauka ta yi tsalle, sai ɗan ɓalli ya fita. Suka koma diga. Zuwa azahar lebura ya zauna ya ce hannunsa ya yi kanta, magini ya karɓa, can shi ma ya zauna. Gidanmu yana cikin lungu ne ta wajen Kusugu, mota ba ta shiga, saboda haka kowane ɓaraguji sai an tura shi a baro har bakin titi. A kwana na biyu na gaji da kallon su suna hutawa, na ɗaura ɗankwali a ƙugu na ɗauki shebur, ni da na shekara ashirin ina zaune a ofis. Garin siminti ya shiga gashina, ya shiga hancina, ruwan da na sha ma sai na ji yana gurzar haƙori. Matar ƙanena ta koma girki a tsakar gida kan kurfoti, tana kallona tana cewa, "Sannu Yaya." Ƙanena kuwa tun asuba yake ficewa Kongolam, can bakin iyaka, wajen harkarsa, sai da yamma ya leƙo ya ce aiki yana kyau.

A kwana na uku aka cire dutse na ƙarshe. Wurin ya zama rami mai tsawo a gindin bango, jar ƙasa a ciki, ga toka, ga wani cokali da ya ɓata tun ina ƙarama. Na zauna a bakin ƙofa, bayana kamar an sassara, tafin hannuna ya yi ƙulli-ƙulli da ruwa. Ban ji daɗin da na sa rai zan ji ba. Gajiya ce kawai.

Da aka zo gina kantar, magini ya fito da abin awo ya ce, "Ina za ta tsaya?" Na miƙe na nuna masa ƙuguna. Ya dube ni, ya dubi wurin, ya zana da gawayi. Ni doguwa ce, tsawon Baba na ɗauko. Inna ko a ƙuruciyarta kafaɗata take kaiwa, yanzu kuma ta ranƙwafa. Wallahi a lokacin ko kaɗan wannan bai zo mini a rai ba.

Ranar da ta dawo na riƙo hannun jakarta har ƙofar kicin. Farin tayil, sabon fenti, famfo yana zuba. Kantar ta kawo mata har ƙirji. Ta daɗe tana kallon inda dakalin yake a da, sannan ta juya wajen matar ƙanena ta ce, "Ce mata Allah ya yi albarka. Sun wahala."

Da la'asar ta shiga kamar yadda ta saba. Aka kunna mata gas, ta yi talge, ta jira ya dahu tana tsaye, ta dafa kantar da hannu ɗaya. Da aka zo tuƙi ne abin ya bayyana. Tuwon dawa na gida guda ba a tuƙa shi da tsintsiyar hannu. A zaune ake yi, a tokare da ƙafa, a sa nauyin jiki a muciya. Nan kuwa tukunya tana sama da ita, tana zamewa a kan ƙarfe, gwiwar hannunta ta ɗaga har kunne. Aka sa mata kujera, ta yi ƙasa da yawa. Aka kawo turmi aka kife shi, ta tsaya a kai, na ga ƙafarta tana rawa na ce ta sauko. Ta ja muciya sau uku, a na huɗu ta tsaya. Ta miƙa wa matar ƙanena ta ce, "Ƙarasa, kada ya yi gudaji." Ta wuce ɗaki.

Na ce a sauko mata da gas ɗin ƙasa, ko a haɗa mata murhu a tsakar gida. Ta aiko mini cewa a'a, mutane za su ce ta raina abin da 'ya'yanta suka yi mata. Na koma Katsina ina gaya wa kaina za ta saba. Ai kowane sabon abu haka yake.

Sai bayan wata huɗu auta ta faɗa mini gaskiyar magana a waya, ita ma suɓutar baki ce. Ta ce tun ranar da ta isa Mashi Inna take cewa tana fata dai rufin kawai za mu taɓa, don shi ke yoyo, dakalinta lafiyarsa ƙalau. Na ce, "Ke kuma me ya hana ki kira ni?" Ta ce, "Yaya, ke ana gaya miki magana ne?" Na zage ta na kashe wayar, sannan na zauna na yi kuka, don gaskiya ta faɗa. Garin neman gira na tsone ido, kuma ba idona ba.

A wannan makon na koma Daura na nemo maginin nan. Na yi tsammanin zai goranta mini, amma ko kallon banza bai yi mini ba. Ya jera bulo a kusurwar da ta rage, ya shafe da siminti, daidai tudun na da. Muka jira kwana biyu ya bushe, na sa aka kafa duwatsun murhu a gabansa, na jera mata gwangwanayenta da hannuna.

Inna ta zo da la'asar tana takawa a hankali. Na lura ta ƙara nauyin jiki, ƙafafun sun kumbura, wata huɗu ke nan daga gado sai kujera, salla ma a zaune take yi yanzu. Ta dafa bango, ta juya baya, ta fara lanƙwasa gwiwa. Ta kai rabi ta tsaya. Ta miƙe, ta huta, ta sake gwadawa. Na matso zan riƙe ta, ta ɗaga mini hannu. A karo na uku na ji numfashinta ya canja, zufa ta keto mata a goshi, ta tsaya a ranƙwafe, ba ta zauna ba, ba ta miƙe ba. Sai da muka kama ta mu biyu, ni da matar ƙanena, muka tayar da ita.

Aka kawo farar kujerar roba aka ajiye a ƙofar kicin, ta zauna tana mayar da numfashi. Ni ina durƙushe a gefe. Ba ta dube ni ba, amma da ni take, ta ce a hankali, "Kada ki gaya wa ƙannenki. Don Allah suka yi."

Sannan ta gyara mayafinta, ta ɗaga kai ta dubi matar ƙanena. Inna da ta shafe sama da shekara hamsin ita ke faɗin abin da za a ci a gidan nan, yau ita ce ta ce, "'Yar nan, me za ki ba mu yau?"